Ina mata masu bincike a littattafanmu na Hausa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni malamar sakandare ce a nan Kano, kuma mayyar littafi ce tun ina aji biyu, irin mu ne muke cusa littafin haya a tsakiyar littafin lissafi muna karantawa malam na can gaban allo yana ta fama, to yau ga shi ni ce a gaban allon ina ƙwacewa a hannun yara, Allah dai ya yafe mana. Abinda ya sa na ɗauko waya nake rubuto maka wannan doguwar wasiƙa, wata magana ce ta daɗe tana cina a rai akan littattafan bincike, wato labarin an aikata laifi ana neman wanda ya yi, musamman irin wanda mace ce take bin sawun, kuma kes ɗin ba ɗaya ba ne, biyu ne ko uku da farko kamar babu abinda ya haɗa su sai can ka ga ashe duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Irin wannan nake nema da Hausa kamar ruwa a jallo, kuma gaskiya ba na samun wanda zai ƙosar da ni.

Na fara cin karo da irin labaran ne a ɗakin yayana, shi mutumin James Hadley Chase ne kamar yawancin samarin lokacinsu, amma ni ba su kama ni ba don matan ciki kusan kullum ko dai kyakkyawa ce mai yaudara ko gawa ce a ƙasa. Sai da na shiga kwalejin ilimi na tsinci littattafan Agatha Christie a laburare, 'yar Ingila, wadda ta ƙirƙiro wata tsohuwa Miss Marple, littafin farko da tsohuwar ta ja ragamarsa ya fito a 1930, aka yi har guda 12, na ƙarshen ya fito a 1976 bayan marubuciyar ta rasu. Tsohuwar nan ba 'yar sanda ba ce, ba ta da bindiga ba ta da ofis, saƙa take yi a ƙauyensu tana sauraren hirar mutane, amma in aka yi kisa sai tace wannan mutumin yana tuna min da wane mai shagon garinmu da ya taɓa yin kaza, daga nan ta kamo bakin zaren. Wallahi ina karantawa nace ai wannan Gwaggo yayar babanmu ce ta sa hular Turawa. Kuma abinda ya ƙara burge ni da na sani daga baya, marubuciyar ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa in ta rubuta guba to ta san gubar, ta san yadda take kama jiki da minti nawa take ɗauka, ba shaci-faɗi take ba.

Kar wani yace ai wannan abin Turawa ne, don an yi shi a nahiyarmu ma ya zauna daram. A 1998 aka fara fitar da jerin labaran Mma Ramotswe ta Gaborone a ƙasar Botswana, macen da ta sayar da shanun gadon babanta ta buɗe ofishin bincike, kes ɗinta ƙanana ne irin na cikin gida, miji ya ɓace, wani ya zo yace shi ne uban wata alhali ba shi ba ne, amma a ƙarƙashinsu duk akwai maganar wani yaro da ya ɓata ana zargin 'yan tsafi, ita ce take ta dawowa tana hana ta barci. A Ghana ma Kwei Quartey ya fito da Emma Djan a 2020, yarinyar da ta bar aikin ɗan sanda bayan wani babba ya nemi ya ci zarafinta, ta koma kamfanin bincike mai zaman kansa a Accra ta faɗa cikin harkar 'yan damfarar intanet. Abin lura, duka biyun maza ne suka rubuta su. Mu kuwa da Allah ya ba mu mata marubuta kamar ƙasa, tun daga Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da suka share hanya har zuwa yaran yanzu da suke sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ai mu ya kamata a ce mun fi kowa.

To amma me muke samu? Ba zan kama sunan littafin kowa ba don ba faɗa na zo yi ba, kuma na san akwai 'yan ƙalilan masu ƙoƙari, amma duk mai karatu ya san abinda zan faɗa. Za a buɗe labari da jaruma, ance barista ce ko 'yar sanda ko jami'ar farin kaya, an kwatanta idonta da hancinta da motarta shafi uku, an ba ta wani kes mai zafi na kisan wani attajiri, ka gyara zama kace yau za a sha bincike, sai a shafi na 20 ta haɗu da ɗan attajirin mai ji da kai wanda baya dariya, shikenan kes ya bi ruwa, sauran littafin daga an ɓata sai an shirya sai kishiya sai asibiti. Can dab da ƙarshe marubuciya ta tuna ashe fa akwai gawa a farkon labari, sai kawai mugun ya haukace ya fito titi yana tona wa kansa asiri, ko bokansa ya mutu asiri ya karye, ko jarumar ta yi mafarki an nuna mata inda aka binne takardu. Haba jama'a. Ban ce Allah ba ya tona asirin azzalumi ta inda ba a zata ba, yana yi, amma in haka za a ƙare to meye amfanin ce min ita mai bincike ce, ai ko mai sayar da awara aka sa a wajen labarin ba zai canza ba. Haka in aka zo haɗa kes biyu, maimakon wata shaida ta haɗa su, sai dai a ce ashe wanda ya kashe wancan shi ne uban wannan da aka jefar a kwali shekara 25 baya, kowa a garin ɗan uwan kowa ne bai sani ba.

Bari in ba ka labarin abinda ya faru a gidanmu, don shi ne ya sa nake ganin muna zaune akan arziƙi muna neman na cefane. Lokacin bikin ƙanwata, ranar kamu, aka nemi sarƙar gwal ɗin mamanmu da 'yan kunnenta da awarwaro biyu aka rasa, suna cikin wata 'yar jaka a ƙasan akwatin zannuwa a uwar ɗaka, kuma ba a hargitsa akwatin ba, wanda ya ɗauka kai tsaye ya je. Nan take ido ya koma kan yarinyar da take mana aiki, 'yar ƙauye ce ba ta fi shekara 14 ba, aka tsare ta aka zazzage ƙullin kayanta a tsakar gida gaban baƙi, tana kuka tana rantsuwa, wani yace a ja Yasin wata tace a kai wa mai duba, ni kaina da nake wannan rubutun na daka mata tsawa nace ta fito da shi tun muna mu biyu, har yau in na tuna sai naji kunyar kaina. Washegari tace ita gida za ta, aka sa ta a mota.

Gwaggo, yayar babanmu, ba ta ce uffan ba a ranar. Ita sana'arta turaren wuta da humra, kuma tsohuwar ungozoma ce, babu gidan da ba ta shiga a unguwarmu da maƙwabtanta. Bayan kwana uku ta zo ta zauna akan tabarma ta ɓare goro tace min ke 'yar boko kawo wayarki in ga hotunan bikin. Tana kallo tana tambaya, wannan 'yar waye, wannan fa daga ina, har muka zo kan wata mata a gefen hoto da goyo, ta sa ankon dangin amarya sak amma ɗinkin ba irin na telanmu ba ne, mamanmu tace ai dangin ango ce, aka kira uwar ango tace su sun ɗauka tamu ce. Sai wata ƙanwar mamanmu ta tuna matar ta roƙe ta ɗakin da za ta canza wa yaro famfas ta yi sallah, ita da kanta ta buɗe mata uwar ɗakan. To nan fa kowa yace an gano, amma Gwaggo tace ba a gano komai ba, baƙuwa ba ta san ƙasan akwati ba, kuma wa ya nuna mata atamfar ankon tun kafin biki? Daga nan ta shiga lissafo mana, wata biyu baya a wani suna a bayan layinmu an rasa gwal ɗin mai jego aka ɗora wa kishiyarta har maganar ta kai ga yaji, kafin nan kuma a wani biki can wata unguwa an rasa kuɗin gudunmawa jaka guda aka ce almajirin gidan ne. Gida uku, ba dangi ba, ba su ma san juna ba, kowanne ya samu na ƙasa da shi ya ɗora masa. Gwaggo ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da sunan kai turare, ba ta tambayi kowa wa kuke zargi ba, tambayarta kawai wa ya yi muku girki, wa ya yi kwalliya, wa ya kawo kujeru, wa ya yi ƙunshi. Mai girki daban daban, mai kwalliya daban daban, mai ƙunshi ɗaya.

Kuma ba ita mai ƙunshin ba ce, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wata yarinya ce da take riƙe mata jaka tana kwaɓa lalle, ita ce take wuni a ɗakin uwar amarya kwana biyu kafin taro lokacin da hannun kowa ke ɗaure a leda, sai ace ke 'yan mata buɗe akwatin nan ki miƙo min kaza, ta ga ma'ajiya ta ga anko ta ɗauki hotonsa a waya ta tura wa yayarta, ita kuma ta shiga kasuwa ta yanko irinsa. Aka je da manya aka zauna, suka amsa, amma gwal an riga an sayar an narkar, sai ɗan abinda aka biya a hankali, aka ce a rufa asiri saboda iyayensu mutanen kirki ne. Yarinyar da muka kora kuwa mamanmu ta aika a ba ta haƙuri da turmin atamfa, ta karɓi haƙurin tace ba za ta dawo ba.

Malam Edita ka duba wannan da kyau, wane namiji ne zai iya binciken nan? Ko Kwamishina ne da kansa iyakarsa zaure, a jikin ƙofa an rubuta ba a shiga, in ma an fito da matan gidan a yi musu tambaya ba za su ce masa komai ba sai wallahi ban sani ba. Rabin rayuwarmu a cikin gida take, a ɗakin mai jego, a wajen kitso, a zaman makoki, a layin awo a asibiti, a islamiyyar matan aure, kuma masu shiga ko'ina ba a tambaye su ba su ne dillaliya da ungozoma da mai kitso da mai adashi da matar da take wankan gawa. Ka ɗauki mai wankan gawar nan kaɗai, ita ce mutum ta ƙarshe da take ganin jikin mace kafin a rufe, in akwai shatin duka ko wani tabo a wuya ita ta gani, kuma an hore ta da ta rufe abinda ta gani, to a ce ta ga irin tabon nan a jikin mata biyu a unguwa biyu cikin wata shida, ta faɗa ko ta yi shiru, wa za ta faɗa wa, wa zai yarda da ita? Ni dai in aka ba ni wannan littafin ba zan yi barci ba sai na ga ƙarshensa.

Maganar kes ya haɗu da kes kuma ba sai mun aro daga waje ba, ya faru a garin nan kowa ya gani. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka bayyana yara tara da aka sace aka kai Onitsha a jihar Anambra aka sayar, an ɗauke su ne daga unguwanni irin su Hotoro da Yankaba da Dakata da Sauna, wasu sun yi shekaru har Hausar ta zube daga bakinsu an canza musu suna. Kafin ranar kowace uwa tana ganin ƙaddararta ce ita kaɗai, an yi cigiya a masallaci an yi a rediyo an gaji, sai da iyayen suka fara gano juna suka haɗa kai, sannan aka kama mutum da yaro ɗaya a hannu, bakin zare ɗaya ya warware sauran, a 2021 kotu ta yanke wa babban wanda ake tuhuma shekara 104. Ban ce a ɗauki ciwon bayin Allah a mai da shi abin nishaɗi ba, a'a, amma yadda abin ya kasance shi ne darasin, laifi ɗaya ne ya rarrabu gida-gida, kuma babu wanda yake riƙe da hoton gaba ɗaya sai an samu mai haƙurin jera su.

Matan da suka yi irin aikin a zahiri ma muna da su. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a ƙasar nan. Farida Waziri ta kai mataimakiyar sufeto janar ta kuma riƙe EFCC daga 2008 zuwa 2011. Dora Akunyili da ta karɓi NAFDAC a 2001 ta bi jabun magani daga kasuwa zuwa kasuwa har aka buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta Allah ya yi da sauran kwana. A 2018 mace ce 'yar jarida, Ruona Meyer, ta ja binciken BBC akan kodin, wanda aka nuno har da Kano a ciki, kwana kaɗan gwamnati ta hana haɗa maganin tarin mai kodin da shigo da shi. To dan Allah a daina ce min mai karatu ba zai yarda mace za ta iya ba.

Abinda nake roƙon marubutanmu, in za a rubuta a tashi a je a gani. A san cewa in an kai ƙara caji ofis akwai kanta inda ake karɓar ƙara akwai mai binciken da ake damƙa wa fayil akwai DPO, babban laifi irin kisa kuma ana tura shi sashen binciken manyan laifuka, a nan Kano hedikwata tana Bompai, kotun majistare ba ta yanke hukuncin kisa sai dai ta tura mutum ajiya gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a jira shawarar ma'aikatar shari'a, ba wai yau an kama gobe alƙali ya buga guduma an rataye ba kamar yadda nake gani. Kuma a yi amfani da matsalolinmu na gaske don su ne gishirin labarin, mu muna binne mamaci a ranar da ya rasu, dangi da wuya su yarda likita ya taɓa gawa, kafin mai bincike ta iso an share ɗakin an wanke an shimfiɗa tabarmin gaisuwa, shaida ɗaya da ta gani mijinta ya hana ta fita, uban wanda aka kashe yace ya bar wa Allah, mai unguwa yana son a sasanta. Ga ita kanta jarumar tana da yara da miji da uwar miji mai cewa wace irin mace ce take yawon gidajen mutane har magariba. In ta ratsa duk wannan da wayonta ta kamo mai laifi, ba da mafarki ba, ni na yarda a ƙara mata soyayyar ma a gefe, ba na ƙi ba ne, kar dai ta cinye labarin.

Na san wasu za su ce irin wannan rubutun koya wa yara sata da kisa yake, mun saba jin haka, a garin nan aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a 2007 da sunan gyaran tarbiyya. Ni da nake tsakiyar 'yan mata kullum abinda na gani daban ne, yarinyar da ta karanta labarin bincike ita ce take fara tambayar wa ya gani, yaushe, ta ina aka sani, kafin ta yarda an ce wance ɓarauniya ce, kuma da muna da mai irin wannan tambayar ko mutum ɗaya a tsakar gidanmu ranar kamun nan da ba a zazzage kayan yarinyar mutane ba.

Shi ya sa na kawo kukana wajenku. Gasar Hikayata ta BBC tun 2016 ta nuna mata masu alƙalami suna nan jibge, sai dai gajeren labari ne, ba ya ɗaukar kes uku a ƙulla su a warware. Jarida ce take da filin da za a riƙa sakin labari mako-mako, mai karatu yana tara shaida tare da jarumar yana rubuto muku hasashensa, ku ware ko rabin shafi ne, ku ce a aiko da labarin bincike wanda mace ke ja, ku sa sharaɗi ɗaya tak cewa duk abinda zai tona mai laifi sai an nuna wa mai karatu shi tun a baya, sannan ku samu mai yin sharhin littattafan da ke fitowa tsakani da Allah ba yabon ƙawa ba. In kun amince dan Allah ku sa shi a fitowar Juma'a, ranar nake zuwa gaida Gwaggo, idonta ya yi rauni yanzu sai dai in karanta mata, kuma ina gaya muku tun wuri ku zaɓi mai ƙwari, don na ƙarshen da na karanta mata ko babi na biyu ba mu gama ba ta tofar da goro tace rufe rufe, direban ne.

Na gode, a huta lafiya.

Taku,
Wata malamar makaranta, daga Kano